Sunayen Zakarun Gwajin Dafi

arch0, control7, hinf12, maxG11, theta6, truss8. Waɗannan sunayen matsalolin lissafi ne, shida daga cikin 92 da Brian Borchers, malamin lissafi a jami'ar New Mexico Tech da ke garin Socorro a Amurka, ya tara wuri guda, ya raɗa wa tarin suna SDPLIB, ya wallafa bayaninsa a shekarar 1999. Tun daga lokacin, da wuya mutum ya rubuta sabuwar manhajar warware wannan nau'in lissafi a saurare shi bai kai ta gaban waɗannan matsaloli ba. In ta warware su daidai kuma da sauri, a ce ta isa. In ta cije a kan wasu, a jera sunayensu a takarda kowa ya gani.

Suna mai haɗe da haruffa da lambobi ba baƙo ba ne a karkarar arewacin Kano. A gonar gwaji ta cibiyar IITA da ke Minjibir an daɗe ana shuka wake mai sunaye irin su IT97K-499-35, wanda aka sakar wa manoman Nijeriya a 2008 da sunan SAMPEA 10. Wanda ya iya karanta irin wannan suna ya san ba a banza aka jera shi ba. SAM ɗin nan Samaru ce, mazaunin cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, ita ce kuma a goshin SAMSORG na dawa da SAMNUT na gyaɗa. Sunan yana ɗauke da salsala. Sunayen SDPLIB ma haka suke, kuma in aka bi salsalarsu za a gane damuwar su wa aka wasa waɗannan manhajoji a kanta. Sai dai kafin a kai can, sunan fannin kansa ya tare hanya.

Bature yana kiran sa semidefinite programming, a taƙaice SDP. Ɗalibin yau da ya ji kalmar ƙarshe hankalinsa zai tafi kan rubuta wa kwamfuta umarni, alhali ba nan ta dosa ba. A bakin sojan Amurka na shekarun 1940 tana nufin tsarin aiki: jirage nawa, mai nawa, za a horar da mutum nawa, a wane wata. Irin wannan aiki George Dantzig yake yi wa rundunar sojan sama a 1947 lokacin da ya fito da hanyar lissafin da ake kira simplex, kuma Tjalling Koopmans ne ya ba shi shawarar gajeren sunan da ya bi lissafin nasa a 1948. Can a Leningrad, Leonid Kantorovich ya riga su isa wurin tun 1939, yana neman yadda masu sarrafa katako za su raba aiki tsakanin injinansu. Don haka a Hausa tsarawa ce. Maigidan da ke da kadada biyu a Gezawa, da samari uku masu riƙe fartanya, da mangala kaza ta taki, yana lissafin nawa zai ba gero nawa zai ba gyaɗa, tambayar fannin yake yi da kansa: ga abin da nake so ya yi yawa, ga iyakokin da ba ni da ikon tsallakewa.

Gwaji mai girma na farko da aka yi wa hanyar Dantzig ma a kan abinci aka yi shi. George Stigler ya tambaya a 1945: cikin kayan abinci 77, wane haɗi ne mafi araha da zai ba mutum sinadarai tara da jiki ke buƙata? Ya lalubo da hannu ya samu dala 39.93 a shekara, a farashin 1939. A 1947 akawu tara suka zauna da injinan lissafi na tebur suka bi hanyar simplex, aikin da ya ci kwanakin mutum ɗaya kimanin 120, suka samu 39.69. Tazarar ba ta kai kwatar dala ba, amma an samu abu biyu: hanyar tana aiki, kuma ga matsala da kowa ya san amsarta, wadda duk mai sabuwar dabara zai iya gwada kansa a kai.

Kalmar farko, semidefinite, ta fi wuya, kuma ita ta fi cancantar a zauna a kanta. Tana siffanta jadawalin lambobi ne, murabba'i mai gida-gida, abin da James Sylvester ya sa wa suna matrix a 1850 daga kalmar Latin mai nufin mahaifa. Zanen ba sabo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya ga hatimi a allon malam ya ga lambobi a gida-gida, kuma Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi kan murabba'an lambobi a 1732. Manufa ta bambanta, amma kalmar gida ta ishe mu.

A ɗauki amfanin gona huɗu da ake haɗawa a gonakin Dambatta da Bichi da Minjibir: gero, dawa, wake, gyaɗa. A zana jadawali mai layi huɗu a kwance, huɗu a tsaye. A gidan da gero ya haɗu da wake a rubuta lambar da ke nuna ko tare suke tashi su faɗi. In shekarar da gero ya yi kyau wake ma yakan yi, lambar tana sama da sifili. In ɗaya yakan yi kyau lokacin da ɗayan ya gaza, tana ƙasa da sifili. A gidan da gero ya haɗu da kansa kuwa, ana rubuta yawan hawa da saukar geron daga damina zuwa damina. Da wannan jadawali, kowane irin rabo manomi ya yi wa gonarsa, ana iya lissafa yawan kasadar da ya ɗauka, wato yadda abin da zai shiga rumbunsa zai riƙa tangaɗi. Masana tattalin arzikin noma sun daɗe da wannan: Rudolf Freund ya yi shi a kan wata gona a North Carolina tun 1956.

To ga asirin kalmar. Kasada ba ta sauka ƙasa da sifili. Daga lambobin da aka ninka da kansu ake tara ta, kuma lamba in an ninka ta da kanta ba ta zama bashi. Jadawalin da duk haɗin da ka kawo masa yake ba da amsa sama da sifili, shi ake ce wa definite. Wanda ya yarda wani haɗin ya sauka daidai kan sifili amma bai wuce ƙasa ba, shi aka ƙara wa semi. Na ga masu fassara shi da rabi, kamar rabin tabbas, kuma wannan ɓata ne, don babu rabin komai a nan. Ƙofa ɗaya kawai aka buɗe, ta sifili. Ni zan kira shi jadawali marar giɓi: yana iya tashi babu ko anini, amma ba ya cin bashi.

Wannan sharaɗi ba ado ba ne. A ce mai bincike ya samo dangantakar gero da dawa daga bayanan wasu shekaru, ta dawa da wake daga wasu shekarun daban, ta wake da gyaɗa daga wani ƙauye, ya ɗinka su jadawali ɗaya. Kowane gida shi kaɗai yana da kyau, amma a haɗe sai a samu wani rabon gona da lissafi ya ce kasadarsa ƙasa da sifili take, abin da ba ya yiwuwa. Manhajar da aka ba irin wannan jadawali za ta ruga ta shawarci manomi da ya yi wannan rabon na ƙarya. Dole a nemo jadawali marar giɓi mafi kusa da wanda aka ɗinka. Masu inganta irin dabbobi sun ci karo da matsalar, Hayes da Hill suka ba ta magani a 1981 da suka kira lanƙwasawa. Nicholas Higham na Manchester ya sake ɗaukar ta a 2002 saboda masu hada-hadar hannun jari. Ita kanta matsalar SDP ce: abin da ake nema jadawali ne sukutum, an gindaya masa sharuɗɗa, an ce kuma kada ya yi giɓi.

Filin amsoshin irin wannan matsala gefensa a lanƙwashe yake, ba kamar na Dantzig ba mai kusurwoyi da ake bi daga wannan zuwa waccan. Sai da Yurii Nesterov da Arkadi Nemirovski a Mosko, waɗanda littafinsu ya fito a 1994, da Farid Alizadeh a Minnesota a 1991, suka nuna yadda za a ratsa ta tsakiyar filin, sannan manhajoji suka fara fitowa kamar da bakin ƙwarya. Su ma sunayensu suna magana. SDPA daga Tokyo take, ta Masakazu Kojima da Katsuki Fujisawa da abokan aikinsu. CSDP ta Borchers ce, C ɗin harshen kwamfutar da aka rubuta ta da shi ne. SDPT3 tana da T uku saboda mutum uku: Toh, Todd, Tütüncü. SeDuMi, wadda Jos Sturm ɗan ƙasar Holan ya rubuta kafin rasuwarsa a 2003 yana matashi, gutsattsarin kalmomi ne na dabarar da ke cikinta. Kowa ya fito yana cewa tasa ta fi, kowa kuma a kan matsalolin da ya zaɓa wa kansa ya gwada. Wannan ne ya sa aka buƙaci tari guda, a rubuce da tsari guda, kuma Borchers ya ari tsarin rubutun SDPA.

Irin wannan tari shi ake kira benchmark, kalmar 'yan safiyo ce ta ƙasar Ingila. Sukan sassaƙa layi a kwance a jikin dutse ko bangon gini, da alamar kibiya a ƙarƙashinsa, su cusa ƙarfe a cikin tsagar ya zama ɗan benci da za a ɗora sandar awo. An san tsayin wurin daga teku, don haka duk wanda ya zo bayan shekaru zai fara awonsa daga nan. Ma'anar ita ce wurin da aka riga aka san amsarsa.

Me za mu kira shi? Abin da ke fara zuwa baki shi ne ma'auni ko mizani, kuma ban yarda da su ba. Mizani ba ya da ɓangare, abin da ka ɗora masa shi zai faɗa, ko gishiri ko zinariya. Matsalolin gwaji ba haka suke ba. Wasu mutane ne suka zaɓe su, daga abin da ke gabansu, a wani zamani. Hausa tana da sunan da ya fi gaskiya, wato zakaran gwajin dafi. Yau mun mai da shi kirari, muna faɗa wa wanda ya yi fice ya zama abin misali. Amma asalinsa na maharba ne: an dafa dafin kibiya da ƙwanƙwani, kafin a shiga daji sai a gwada shi a jikin zakara a ga ko ya kama. Manhaja ita ce dafin, matsalar gwaji ita ce zakaran. Abin da ya sa na fi son wannan suna shi ne bai ɓoye rauninsa ba. Kowane maharbi ya san zakara ba ɓauna ba ne. In dafi ya kasa kashe zakara, magana ta ƙare. In ya kashe, an dai san ba ruwa aka dafa ba.

Yanzu a koma kan sunayen. Takwas suna amsa truss, huɗu arch, kuma duka daga aikin injiniyoyin gini suka fito: ƙarafan da ake haɗawa kusurwa uku-uku su ɗauki rufi ko gada, wanne za a kaurara, wanne za a cire, don ginin ya yi ƙarfi da ƙarfe kaɗan. Sha ɗaya suna amsa control, daga lissafin sarrafa na'ura don kada ta kauce, kamar jirgin sama da iska ke kaɗawa. Shida kuma qap ne, zuriyar tambayar da Koopmans ɗin nan da Martin Beckmann suka yi a 1957: ga masana'antu, ga filaye, wacce za a ajiye a ina don jigila tsakaninsu ta yi sauƙi.

Theta harafin Girkanci ne, kuma labarinsa ya fi sunan tsawo. A 1956 Claude Shannon ya tambayi yawan saƙon da za a iya aikawa ba tare da kuskure ko ɗaya ba ta hanyar da wasu alamomi ke rikicewa da juna. Ya ɗauki alamomi biyar a zagaye, kowacce tana iya rikicewa da maƙwabtanta biyu, ya kasa kammala amsar. Tambayar ta zauna shekara 23, har László Lovász ɗan ƙasar Hangari ya warware ta a 1979 da wata lamba da ya sa wa wannan harafi, ya nuna amsar ita ce tushen murabba'in 5. Lissafa lambar Lovász matsalar SDP ce, tun kafin a samu manhajar da za ta yi ta da sauri. A theta1 jadawalin mai layi 50 ne, amsar 23. A theta6 layi 300 ne da sharuɗɗa 4,375.

Dangin da suka fi yawa su ne na rabon zane. Ana da ɗigogi, da layuka masu nauyi da suka haɗa wasu da wasu, ana so a raba ɗigogin gida biyu yadda nauyin layukan da aka yanke zai kai iyakar yawa. Wannan ce mcp da maxG, 'yan uwansu gpp da equalG kuma suna neman rabo daidai wa daida. Michel Goemans da David Williamson sun nuna a tsakiyar shekarun 1990 cewa in nauyin layuka bai sauka ƙasa da sifili ba, hanyar SDP tana ba da rabon da a matsakaici bai gaza kashi 87.8 cikin 100 na mafi kyau ba, kuma wannan sakamako na cikin abin da ya ja hankalin duniya ga fannin. Lambar da ke cikin mcp124 ko mcp500 yawan ɗigogi ce, ƙaramar lambar da ke biye, 1 zuwa 4, tana nuna yadda layuka ke ƙara cunkushewa. G kuwa tana nuni ga jerin zane-zanen da Christoph Helmberg da Franz Rendl suka yi gwaji da su, waɗanda aka samar da wata 'yar manhaja mai suna rudy ta Giovanni Rinaldi. G11 yana da ɗigogi 800. Amsar maxG11 ita ce 629.16, alhali rabo mafi kyau da aka samu a zanen 564 ne, domin SDP a nan rufi take bayarwa, tana cewa ba wanda zai wuce nan. A lura da abu guda: waɗannan zane-zane ba taswirar wani gari ba ne ko wayoyin wani kamfani. Kwamfuta ce ta ƙirƙire su da ƙuri'a. Fiye da rabin SDPLIB daga irin wannan lissafi na zaɓi da rabo ya fito.

Dangi biyu ne na fi girmamawa a tarin, kuma matsalolinsu na cikin mafi ƙanƙanta. Na farko hinf, guda 15. H ɗin sunan G. H. Hardy ne, masanin lissafi na Kambirij, wanda Frigyes Riesz ya raɗa wa wani rukunin lissafi sunansa a 1923, George Zames kuma ya shigo da rukunin cikin ilimin sarrafa na'ura a 1981. Yawancin hinf jadawalinsu layi 14 ko 16 ne kacal da sharuɗɗa 13, abin da za a iya rubutawa a shafi ɗaya na littafin makaranta. Duk da haka manhajar da ta haɗiye maxG60 mai layi 7,000 tana iya zuwa nan ta yi tuntuɓe. Dalili kuwa, waɗannan manhajoji ta tsakiyar fili suke bi, filin hinf kuma ya matse har kusan ba shi da tsakiya, ɗan kuskuren da kwamfuta ke yi wajen yanke wutsiyar lambobi sai ya jefa lissafin waje. A jerin amsoshin SDPLIB, inda sauran matsaloli ke da lambobi bakwai tabbatattu, wasu hinf biyu ko uku kawai aka iya rubuta musu. Sai da Maho Nakata a Japan ya gina nau'in SDPA mai riƙe lambobi masu dogon jela sannan aka ga amsoshin wasunsu da kyau. Girma daban, wuya daban.

Na biyu su ne infp da infd, biyu-biyu. Waɗannan ba su da amsa sam, kuma da gangan aka saka su. Kowace matsalar tsarawa tagwaye ce. Ta asali tana tambayar me za a shuka. Abokiyar tagwaicinta tana tambayar nawa ne darajar kowace iyaka: in aka ƙara wa gidan nan yinin mutum ɗaya a lokacin noman farko, nawa rumbu zai ƙaru? Idan komai ya tafi daidai, amsoshin biyu suna haɗuwa a lamba ɗaya, kuma haɗuwar ita ce shaidar an kai ƙarshe. A infp ta asalin ce sharuɗɗanta suka ci karo da juna, a infd kuma abokiyar ce. Abin da ake so manhaja ta yi shi ne ta ce babu, ta kuma kawo hujja. Ina ganin wannan ya fi sauri muhimmanci nesa ba kusa ba. Jami'in gona da zai shigar da bukatun gida mai baki goma sha biyu da gonar da gado ya rarraba har ta koma ƙasa da kadada, yana buƙatar na'urar da za ta gaya masa lissafin nan ba ya fita, maimakon ta miƙo masa lambobi masu kyan gani.

Ita kanta kalmar "an warware" sai da aka yi zama a kanta. A gasar gwada manhajoji ta DIMACS ta bakwai, wadda aka yi taronta a jami'ar Rutgers a Nuwamban 2000, an tsayar da ma'aunan kuskure guda shida: biyu na duba ko amsar asali ta kiyaye sharuɗɗa kuma ba ta yi giɓi ba, biyu na duba abokiyarta, biyu na auna tazarar da ta rage tsakaninsu. Hans Mittelmann na jami'ar jihar Arizona ya gwada manhajojin a matsayin ɗan ba-ruwana, ya wallafa sakamakon a 2003, ya kuma ci gaba da wannan aiki shekara da shekaru. Gasar ta zo da nata sunayen, irin su toruspm3-15-50, daga lissafin masana kimiyyar maganaɗisu: ɗigogi 15 sau 15 sau 15, wato 3,375, nauyin kowane layi ko ɗaya sama da sifili ko ɗaya ƙasa, rabi da rabi.

Gini, jirgi, sadarwa, maganaɗisu, masana'anta. Cikin 92 ɗin babu ko ɗaya da ta fito daga gona, balle gonar da ake shuka abu huɗu a kunya ɗaya. Wannan ba laifin Borchers ba ne, abin da abokan sana'arsa suka aiko masa ya tara. Amma yana da sakamako, domin mai gina manhaja yana gyara ta ne har ta yi kyau a kan matsalolin da za a auna shi da su.

An ga haka a fili a harkar wutar lantarki. Tambayar yadda za a raba wuta a kan layuka da mafi ƙarancin asara tana da wuya, kuma a wajejen 2010 zuwa 2012 Javad Lavaei da Steven Low suka nuna cewa hanyar SDP tana ba da amsa ta ainihi a kan sanannun tsare-tsaren gwaji na ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE. Waɗannan ma sunayensu lambobi ne, 14 da 30 da 118, yawan mahaɗar layuka ke nan, kuma an ciro su ne daga layukan wani kamfanin wuta na tsakiyar Amurka kamar yadda suke a 1961 da 1962. Murna ba ta daɗe ba, masu bincike a jami'ar Wisconsin suka kawo tsari mai mahaɗa uku tak wanda hanyar ta kasa. Daga baya aka gane cewa ta fi tabbata, bisa wasu sharuɗɗa, a layukan da ke rassa kamar bishiya ba tare da sun zagayo sun haɗe ba. Layukan da ke kai wuta ƙauyuka galibi haka suke, don haka labarin yana iya yi mana daɗi. Sai dai dogon layin karkara mai raunin wuta a ƙarshensa ba ya cikin zakarun da aka gwada dafin a kansu.

Masu binciken wake sun san wannan darasi tun kafin masu lantarki. A gwajinsu sukan shuka irin gida kamar Ɗan Ila a gefen sababbin iri, don a ga ko baƙon ya fi ɗan gari a ƙasar ɗan garin. Kuma sun ga abin da ya sami B301, waken Botswana da ya gagari ƙudujin wake a Nijeriya da sauran wuraren da aka gwada shi, aka mai da shi uban iri masu juriya, sai aka kai shi Zakpota a kudancin Jamhuriyar Benin ƙudujin can ya kama shi. Har yau nau'in ƙudujin yana ɗauke da harafin garin a sunansa, SG4z.

Kayan haɗa namu matsalolin gwajin suna nan. David Norman da abokan aikinsa a Samaru sun bi gidajen manoma a Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a 1966 zuwa 1967, suna rubuta aikin kowace gona da abin da ta bayar, suka nuna cewa haɗa shuka ya fi shuka ɗaya riba a kowace eka kuma ya fi tabbas, kuma ƙarancin hannu a watannin Yuni da Yuli shi ne babbar iyaka. Michael Mortimore, wanda shi da J. Wilson suka bayyana yanki mai cunkoson gonaki na kewayen Kano a 1965, ya dawo da abokan aiki a shekarun 1990 suka bi gonakin Tumbau damina bayan damina. Ga bayanan gwajin iri na Minjibir, ga Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa a Jami'ar Bayero, ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta. Daga nan ana iya fitar da matsalolin SDP na gaske: gyaran jadawalin kasada da aka ɗinka daga bayanai masu ramuka, tsara filin gwaji yadda 'yan kunyoyi kaɗan za su ba da bayani mafi yawa, gano matsayin iyakokin gonaki daga tazarar da aka auna tsakaninsu, rabon wuta a ƙaramin layin sola na ƙauye. Ƙanana za su kasance, kuma na fi zaton a matse, dangin hinf, don bayanan shekaru kaɗan a kan amfanin gona da yawa jadawalin da ke zaune daram a kan sifili suke haifarwa.

Abin da kowacce ke buƙata bai da yawa: a rubuta ta a tsarin da kowace manhaja ke karantawa, a haɗa da amsar da aka tabbatar da ma'aunan nan shida, a kuma rubuta inda aka samo ta. Suna kuwa, na ƙauye ya kamata ta ɗauka, kada a sa na maigidan da ya buɗe rumbunsa aka auna, sai yawan amfanin gona, sai shekarun da bayanan suka shafa. Shekarun dole ne su fito a sunan. Jadawalin da ya haɗa da farin 1973, lokacin da gero da dawa da wake suka faɗi tare, da wanda ya haɗa da 1975, lokacin da cutar kuturtar gyaɗa ta cinye gyaɗa ta bar hatsi a tsaye, matsaloli biyu ne daban ko da daga gona ɗaya aka auno su.